Hoton mama da allurar aidin: Yadda yake aiki da gurbinsa a binciken sankarar mama a Najeriya

Hoton mama da allurar aidin, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan CEM, hanya ce ta binciken sankarar mama da ta haɗa abubuwa biyu waɗanda asibitoci suka daɗe da sani. Na farko shi ne na'urar mamogiram, wadda ke ɗaukar hoton cikin mama da hasken eksire. Na biyu shi ne ruwan aidin da ake ɗura wa majiyyaci ta jijiya, irin wanda ake amfani da shi wajen hoton CT. Idan aka haɗa su, likita zai ga siffar abin da ke cikin mama, ya kuma ga wuraren da jini ke kwarara fiye da ƙima, wanda sau da yawa alama ce ta ƙari mai girma. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar farko mai wannan aiki a shekarar 2011, kuma tun daga lokacin hanyar take ta yaɗuwa a asibitocin Turai da Amurka da Asiya.

Cutar da ake farauta da wannan hoto ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta kashe kimanin 670,000. A Najeriya, ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar na wannan shekara ya nuna sababbin masu cutar sama da 32,000, da mace-mace kimanin 16,000. Ita ce kan gaba a cikin dukkan nau'o'in ciwon daji a ƙasar. Maza ma tana kama su, ko da yake ba su wuce kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba.

Abin da mamogiram ke kasa gani

Mama ya ƙunshi kitse, da naman da ke samar da nono, da zaruruwan da ke riƙe su wuri guda. A hoton mamogiram kitse yakan fito da duhu, naman nono da zaruruwa kuwa su fito fari. Matsalar ita ce ƙari ma fari yake fitowa. Idan mama mai yawan kitse ne, farin ƙulli a cikin duhu ba ya ɓuya. Idan kuwa mama mai cunkoson nama ne, aikin likita ya zama tamkar neman farin zare a cikin tulin auduga.

Likitocin hoto sun kasa cunkoson nama gida huɗu, daga A, inda kusan duka kitse ne, zuwa D, inda nama ya cika ko'ina. Matan da ke rukunin C da D su ne ake kira masu cunkoson nama. Wannan ba ciwo ba ne, halitta ce, kuma ba a gane ta da girman mama ko ta taɓawa da hannu. Hoto ne kaɗai ke nuna ta. Ta fi yawa ga mata masu ƙarancin shekaru, tana raguwa bayan yankewar al'ada. Illarta biyu ce: tana ɓoye ƙari, kuma ita kanta tana ɗan ƙara haɗarin kamuwa da cutar. A mama mafi cunkoso, mamogiram na iya tsallake wani kaso mai yawa na ƙarin da ke nan zaune. Saboda nauyin lamarin, tun daga watan Satumban 2024 doka ta wajabta wa cibiyoyin hoto a Amurka su sanar da kowace mace ko mamanta mai cunkoson nama ne.

Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye. Rahotannin asibitocin koyarwa sun daɗe suna nuna cewa matan da ake gano wa cutar a ƙasar nan sun fi yawa tsakanin shekara 40 da 50, wato ƙasa da shekarun takwarorinsu na Turai, kuma a irin waɗannan shekaru ne cunkoson nama ya fi yawa.

Hikimar da ke cikin allurar

Ƙari ba ya iya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya samar wa kansa hanyoyin jini. Wani likitan Amurka, Judah Folkman, shi ne ya fito da wannan bayani a 1971, kuma a kansa aka gina dabarun bincike da magani masu yawa. Hanyoyin jinin da ƙari ke jawowa ba su da tsari. Sun yi kama da bututun ruwan da aka jona cikin gaggawa a sabuwar unguwa: suna da yawa, sun karkace, kuma suna yoyo. Idan ruwan aidin ya bi jini ya iso wurin, sai ya tsiyaye daga waɗannan hanyoyi ya taru a cikin ƙarin da kewayensa, fiye da yadda yake taruwa a lafiyayyen nama.

Saura yadda za a gan shi. Aidin yana da wata ɗabi'a: da zarar ƙarfin hasken eksire ya haura wani mizani, wanda masana suka auna a kan 33.2 na ma'aunin keV, sai ya riƙa shanye hasken sosai. Ƙasa da wannan mizani kuwa, ba ya bayyana a hoto yadda za a lura. Don haka na'urar takan ɗauki hoto biyu a jere cikin daƙiƙu kaɗan, mama yana matse wuri guda. Na farko da haske mai ƙaramin ƙarfi, kuma shi daidai yake da mamogiram na yau da kullum. Na biyu da haske mai ƙarfin da ya haura mizanin aidin. Daga nan kwamfuta ta haɗa su, ta share hoton naman mama, ta bar wuraren da aidin ya taru kawai. Farin audugar nan da ya hana gani sai ya dushe, ƙarin ya fito fili.

Saboda haka likita yana samun hotuna iri biyu daga zama ɗaya. Ɗaya yana nuna siffa, da ƙananan ɗigon alli da kan taru a hanyoyin nono, waɗanda wani lokaci su ne alamar farko ta cutar. Ɗayan yana nuna kwararar jini. Ana karanta su tare, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya.

Tarihin abin yana da tsawo. Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895. A 1913 wani likitan fiɗa na birnin Balin, Albert Salomon, ya riƙa ɗaukar hoton maman da aka yanke wa majiyyata domin nazarin yadda ƙari ke bayyana. A tsakiyar shekarun 1960 aka ƙera na'urar farko da aka keɓe wa mama kaɗai a Faransa. Amma haɗa hotuna biyu a share ɗaya daga ɗaya aiki ne na kwamfuta, bai yiwu yadda ya kamata ba sai da mamogiram ya bar fim ya koma na dijital a wajajen shekarar 2000. A 2003 John Lewin da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa sakamakon gwajin farko na dabarar haske biyu a jikin mata. A 2022 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin bai ɗaya na rubuta sakamakon CEM. Kamfanoni irin su GE da Hologic da Siemens da Fujifilm duk suna ƙera na'urori masu wannan aiki a yau.

A ɗakin ɗaukar hoto

Kafin komai, ma'aikata kan yi tambayoyi: ko akwai juna biyu, ko ciwon ƙoda, ko ciwon suga, ko asma, ko ciwon maƙoƙo, ko an taɓa yi wa mace allurar aidin jikinta ya ƙi ta. Wadda ke da alamar matsalar ƙoda akan auna jininta tukuna. Ana kuma shawartar mace kada ta shafa hoda ko turaren hammata a ranar, domin ƙwayoyin da ke cikinsu kan fito a hoto kamar ɗigon alli su rikita likita.

Ana sa kanula a jijiyar hannu, mace tana zaune. Yawan ruwan ya danganta da nauyin jiki, galibi mililita 1.5 ga kowane kilo, wato mace mai kilo 60 za ta karɓi kimanin mililita 90. Wata na'ura ce ke tura shi cikin ƙasa da minti ɗaya. A wannan lokaci mata da yawa kan ji ɗumi ya ratsa jiki, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, wasu har su ji kamar fitsari ya kuɓuce musu alhali babu abin da ya faru. Duk wannan yana wucewa nan take, kuma ya kamata a faɗa wa mace tun da wuri domin kada ta firgita.

Akan jira minti biyu ruwan ya zagaya, ba tare da an matse mama ba, domin matsi yana hana jini shiga. Sannan a fara ɗauka. Kowane mama akan matse shi sau biyu, daga sama zuwa ƙasa da kuma ta gefe a karkace, kamar dai a mamogiram da aka saba. Dole a kammala cikin kimanin minti goma da yin allurar, kafin aidin ya fara barin wurin. Matsin yana da ɗan zafi, amma na daƙiƙu ne. Bayan an gama, akan bar kanular na ɗan lokaci ana lura da mace, sannan a cire ta tafi gida. Ƙoda ce ke fitar da aidin ta fitsari, mafi yawansa cikin yini guda, shi ya sa ake son a sha ruwa sosai. Mai azumi ya kamata ta faɗa wa ma'aikata tun lokacin tsayar da rana, domin a zaɓi lokacin da shan ruwa ba zai zama matsala ba. Haka kuma mace tana da damar neman mace 'yar'uwarta ta ɗauke ta hoton, kuma a yawancin cibiyoyi mata ne ke wannan aiki.

Inda yake da amfani

Amfani na farko shi ne warware shakka. Wani lokaci mamogiram kan nuna inuwa da ba a tabbatar ko ƙari ce ko naɗewar nama ba, sikanin kuma bai raba gardama ba. Idan wurin bai ɗauki aidin ba, hankali yakan fi kwanciya, ko da yake hukunci na ƙarshe yana duba dukkan alamu.

Na biyu, kuma mai yiwuwa shi ne mafi nauyi, auna faɗin cutar bayan an tabbatar da ita. Likitan fiɗa yana bukatar sanin girman ƙarin na gaskiya, ko guda ɗaya ne ko yana da 'ya'ya a wasu sassan, ko kuma ɗaya maman ma ya kamu. A kan wannan amsa ake yanke shawarar cire ƙarin kaɗai a bar mama, ko cire maman gaba ɗaya. Mace da aka cire wa ƙari ɗaya aka bar na biyu a ɓoye za ta sake komawa ɗakin fiɗa, da sabon kuɗi da sabuwar fargaba. Wadda kuma aka cire wa mama duka alhali da an iya ceto shi, ta yi asarar da ba ta dawowa.

Na uku shi ne bibiyar magani. Mata da yawa akan fara ba su allurar kimo kafin fiɗa domin ƙarin ya ragu. Taɓawa da hannu ba ta isa ta nuna ko abin da ya saura ƙari ne mai rai ko tabo ne kawai. Hoton da ke nuna kwararar jini ya fi kusantar gaskiya a nan.

A duk waɗannan fannoni, hoton MRI ne ya daɗe yana riƙe da kambu, domin shi ma yana bin kwararar jini ne, da wani ruwa daban da ake kira gadoliniyam. Sai dai MRI yana da tsada, na'urorinsa ba su da yawa, mace takan kwanta rubda ciki a cikin rami mai ƙara na kimanin rabin sa'a, kuma wasu ba sa iya shiga sam: masu wasu na'urorin bugun zuciya ko ƙarafa a jiki, da masu tsoron ƙuntataccen wuri. Nazarce-nazarcen da suka kwatanta hanyoyin biyu sun nuna cewa CEM yana kusantar MRI wajen gano ƙari, cikin ɗan lokaci da kuɗi ƙasa da nasa.

Fage na huɗu, wanda har yanzu ake muhawara a kansa, shi ne tantance matan da ba su da wata alama. Babbar hujja ta fito ne daga Birtaniya a watan Mayun 2025, lokacin da mujallar The Lancet ta wallafa sakamakon wani bincike mai suna BRAID a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fiona Gilbert ta Jami'ar Kambirij. An ɗauki mata sama da 9,000 masu cunkoson nama, waɗanda mamogiram ya riga ya ce ba su da komai, aka ƙara wa mafi yawansu wani gwaji. A cikin kowane gwaji 1,000, CEM ya gano ƙari kimanin 19, gajeren MRI ya gano kimanin 17, sikanin mai sarrafa kansa kuwa ya gano 4 kacal. Waɗannan duk cututtuka ne da da an sallami masu su a matsayin lafiyayyu. Amma binciken ya ƙirga ƙarin da aka gano ne, bai auna rayukan da aka ceto ba, kuma masu binciken da kansu sun ja hankali cewa wasu daga cikin abin da aka gano mai yiwuwa ba za su taɓa cutar da mai su ba. Wannan tambaya sai shekaru sun amsa ta.

Iyakarsa da haɗarinsa

Ba duk abin da ya ɗauki aidin ne sankara ba. Ƙullutun da ba su da illa, waɗanda suka yi yawa ga 'yan mata, da kumburi na ƙwayoyin cuta, da tabon fiɗa na kwanan nan, duk suna iya haskawa. Lafiyayyen nama ma yakan ɗauki aidin kaɗan, musamman a wasu ranakun al'ada da lokacin shayarwa. A ɗaya ɓangaren, wasu nau'o'in sankara masu tafiyar hawainiya, musamman waɗanda ba su fita daga hanyoyin nono ba, kan ƙi haskawa. Shi ya sa ɗigon alli mai siffar da ake zargi yana bukatar a ɗebo nama ko da bai ɗauki aidin ba. Haka nan abin da ke can jikin ƙirji ko cikin hammata yana iya fita daga faɗin hoton, kuma mai roba a mama MRI ya fi dacewa da ita.

Hasken da jiki ke karɓa ya ɗara na mamogiram na yau da kullum, tunda kowane matsi hoto biyu ne, amma a mafi yawan na'urori bai kai ninki biyu ba. Mamogiram ɗaya kuwa daidai yake da hasken da mutum ke karɓa daga ƙasa da sararin sama cikin makonni kamar bakwai. Duk da haka ba a yi wa mai juna biyu.

Haɗarin da ya fi bukatar shiri shi ne na allurar. Wasu ƙalilan jikinsu kan ƙi aidin, su yi ƙaiƙayi ko borin jini ko tashin zuciya. Wanda ya kai ga toshewar numfashi yana da wuyar faruwa ƙwarai, amma yana faruwa, don haka bai halatta a yi wannan hoto a wurin da babu likita da maganin gaggawa a kusa ba. Masu ciwon ƙoda mai tsanani akan nema musu wata hanyar. Mai ciwon suga da ke shan metformin, idan ƙodarta ta raunana, likita na iya cewa ta dakatar da shi na kwana biyu. Mai shayarwa kuwa, abin da ke shiga nono daga aidin ɗan mitsitsi ne, kuma ƙa'idojin likitocin hoto ba su wajabta dakatar da shayarwa ba.

CEM ba ya yanke hukunci cewa abu sankara ne. Wannan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, bayan an ɗebo ɗan nama da allura an duba shi a madubin likita. A nan ake cin karo da wata magana da ta yi kaka-gida a ƙasar Hausa, cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Maganar ta samo ƙarfi ne daga abin da mutane suka gani da idonsu: an kai mace asibiti, an yi mata aiki, ba ta daɗe ba ta rasu. Abin da ba a gani ba shi ne cutar ta riga ta bazu tun kafin a isa asibitin, sau da yawa bayan watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Allurar aidin ba ta taɓa ƙarin ma, a hannu ake yin ta, kuma ɗebo nama da allura hanya ce da ake bi a duk duniya kafin a fara magani.

Abuja da sauran ƙasa

Najeriya ba ta da shirin ƙasa da ke kiran kowace mace zuwa mamogiram idan ta kai wasu shekaru, kamar yadda ake yi a Birtaniya. Mace takan je ne don ta ji ƙullutu, ko likita ya tura ta, ko ta dace da gangamin gwaji kyauta, musamman a watan Oktoba da aka keɓe domin wayar da kai kan cutar. Sakamakon haka a bayyane yake. Wani nazari da Dokta Elima Jedy-Agba da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya nuna cewa kashi 77 cikin 100 na baƙaƙen mata masu cutar a Afirka kudu da Sahara ana gano su ne a mataki na uku ko na huɗu. Wani binciken da ya bibiyi majiyyata a ƙasashen Afirka biyar, wanda ya fito a 2020, ya samu cewa a cikin matan Najeriya da aka bibiya, kashi 36 cikin 100 ne kawai ke raye bayan shekara uku. A ƙasashe masu arziki, sama da kashi 90 cikin 100 kan wuce shekara biyar.

Babban Birnin Tarayya yana cikin wuraren da suka fi ko'ina kayan aiki. Akwai Babban Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, mai sashen gashi da kula da masu ciwon daji, wanda kuma a cikinsa rajistar masu cutar ta Abuja take. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da cibiyoyin hoto masu zaman kansu, da sabuwar cibiyar lafiya ta AMCE da bankin Afreximbank ya gina tare da haɗin gwiwar asibitin King's College na Landan, wadda aka buɗe a watan Yunin 2025. A Abuja ne kuma hedikwatar Cibiyar Bincike da Magance Ciwon Daji ta Ƙasa, NICRAT, take, wadda dokar kafa ta ta fito a 2017 ta kuma fara aiki a 2023 a ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, ya fara ne da asibitoci shida, ciki har da Babban Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A ɓangaren ƙungiyoyi, gidauniyar Medicaid ta Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda a 2024 aka zaɓa shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, da ƙungiyar Project PINK BLUE, sun daɗe suna gangami a birnin.

Abin da ya sa CEM ya cancanci kulawar masu tsara harkar lafiya shi ne ba lallai sai an sayi sabuwar na'ura ba. Wasu na'urorin mamogiram na dijital ana iya ɗaga darajarsu da ƙarin matacin haske na tagulla, da manhaja, da na'urar tura allura. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan girka MRI, mai bukatar ɗaki na musamman da sanyaya maganaɗisu dare da rana. Ruwan aidin kuwa duk asibitin da ke hoton CT ya riga ya san shi. Amma sauƙin yana da sharuɗɗa: wutar lantarki tsayayya, ma'aikatan da aka horar, likitan hoto da ya iya karanta sakamakon, izinin Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Najeriya da ke sa ido kan duk na'urar da ke fitar da haske, da kuma ruwan aidin da ake shigowa da shi da kuɗin waje. A 2022, rufe wata masana'anta guda a Shanghai saboda annobar korona ya jefa asibitocin duniya cikin ƙarancinsa na makonni.

Ba kuma kowace mace ce hoton zai amfana ba. Wadda ta zo da ƙarin da ya riga ya fashe fata ba ta bukatar aidin ya nuna mata inda yake. Bukatarta ɗebo nama da wuri, da hoton ƙirji da ciki da ƙashi, da fara magani. Yarinya 'yar shekara 25 mai ƙullutu, sikanin ne gwajinta na farko. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021, mai burin rage mace-macen cutar da kashi 2.5 cikin 100 kowace shekara, bai rataya a kan wata na'ura ba. Ya tsaya kan abu uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 da zuwan mace asibiti, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 su kammala magani. Gurbin CEM a Najeriya ta yau ya fi kasancewa a cikin waɗannan kwana 60, wajen rage kai-komo tsakanin gwaje-gwaje ga macen da ta taso daga Kuje ko Lafiya ko Kontagora da kuɗin mota ƙidayayye, da wajen taimaka wa likitan fiɗa ya san iyakar abin da zai cire.

Karanta sakamako

Takardar sakamako takan ƙare da lamba daga 0 zuwa 6, bisa tsarin da ake kira BI-RADS. Lamba 0 na nufin ana bukatar ƙarin hoto. Lamba 1 ba a ga komai ba, 2 kuwa an ga abu amma marar illa. Lamba 3 tana nufin yiwuwar sankara ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, akan sake hoto bayan wata shida, kuma wannan alƙawari ne da bai kamata a saɓa ba. Lamba 4 zargi ne da ke bukatar ɗebo nama, kuma da yawa daga cikin masu wannan lamba kan fito lafiya. Lamba 5 tana nufin yiwuwar ta kai kashi 95 cikin 100 ko fiye. Lamba 6 ta wadda aka riga aka tabbatar wa cutar ce.

Idan abin da ya haska a CEM yana ganuwa a sikanin, ta nan ake shiryar da allurar ɗebo nama, kuma wannan ne mafi sauƙi. Idan kuwa aidin ne kaɗai ke nuna shi, sai a nemi MRI ko na'urar da ke ɗebo nama ƙarƙashin jagorancin CEM kansa, wadda ta fara shiga asibitoci a wajajen 2020. Saboda haka yana da kyau mace ko mai rakiyarta su tambaya tun farko ko cibiyar tana da hanyar bin abin da hoton zai gano, su kuma karɓi hotunan a faifai tare da takardar, domin likita na gaba zai kwatanta sabon hoto da tsohon.